Daga Gindin Dutse Zuwa Bakin Teku: Ina Baƙo Zai Shimfiɗa Tabarmarsa?

Duk wanda ya tashi a Kwatarkwashi, idonsa ya saba da abin da ba ya motsi. Ka buɗe ƙofa da asuba, dutse na nan inda ka bar shi jiya. Ka taso daga Gusau da yamma, shi zai fara yi maka maraba tun daga nesa. Ruwan da muka sani kuwa mai iyaka ne: ƙoramar da ke gangarowa daga dutse in ana marka, tafkunan da muka koyi iyo a cikinsu, sai Gulbin Sakkwato da ya bi ta Gusau da Bunguɗu, wanda in rani ya yi nisa yaro ma kan tsallaka shi da ƙafa a wasu wurare. Shi ya sa ranar da na fara tsayawa gaban teku, cikin watan Agustan 2016, na daɗe ban ce uffan ba. Ina ta neman ɗaya gaɓar da ido, babu ita.

Ni malamin makaranta ne, hutuna na ɗalibai ne. Da aka ba da dogon hutu sai na ɗauki ƙanena muka tafi Legas wurin kawunmu da ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Wurin da muka je ganin teku, ba don komai muka zaɓe shi ba sai don wani hoto da ƙanen nawa ya gani a Facebook: farin yashi, itatuwan kwakwa, ruwa shuɗi kwance kamar an shimfiɗa darduma. Da muka isa sai muka tarar da sama a murtuke, ruwa ya yi ruwan toka, igiyoyi na tasowa har su ɗara tsayin mutum, su faɗo da ƙara kamar tsawa. Mai hoton bai yi ƙarya ba. A wani watan daban ya ɗauka. Wannan rana ta kusa zame mana ranar baƙin ciki, kuma ita ta koya mini cewa zaɓen bakin teku ilimi ne, wanda mu mutanen tudu ba mu gada ba, sai mun tambaya.

A fara zaɓen wata kafin a zaɓi wuri

Yawancin hotuna da labaran hutun bakin teku daga Turai da Amurka suke zuwa, inda mutane ke tururuwa gaɓa daga Yuni zuwa Agusta, domin lokacin ne rana ke fito musu. Masu fassara kan ce da wannan lokaci bazara, alhali bazararmu daga Maris ce zuwa Mayu. Watannin hutunsu tsakiyar daminarmu ne, kuma a gaɓar Legas, Yuni da Yuli su ne watannin da ruwan sama ya fi tsanani.

Teku ma a lokacin ya fi fushi. Dalili kuwa, sa'ad da muke damina, kudancin duniya na cikin sanyi, manyan guguwa na tashi can ƙuryar kudancin Tekun Atlantika. Igiyoyin da suka tayar kan yi tafiyar dubban kilomita ba abin da ya tare su, sai sun zo sun daki gaɓar Afirka ta Yamma. Ga kuma iskar kudu maso yamma tana tura su. Iskar nan da manomin Tsafe ke ɗaga kai yana jira ta kawo masa hadari, ita ce ke hana masuncin Legas barci. Ruwan sama kuma kan wanke magudanan birni, ya kwashi leda da robobi ya kai teku, teku ya maido su kan yashi. A cikin Agustan 2012, teku ya yi toroƙo da dare a gaɓar Kuramo da ke unguwar Victoria Island, ya tafi da rumfuna da mutane fiye da goma.

Don haka wanda ke da zaɓi, ya bari sai daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Lokacin igiya ta yi sauƙi, sama ta washe, hanya ta bushe, mu kuma kaka ta yi, an kai amfani gida, aljihu ya ɗan yi nauyi. Hazon hunturu kan sauka har gaɓa ya rufe nesa, amma wannan ƙaramin abu ne. Abin lura ɗaya: makon Kirsimeti zuwa daren sabuwar shekara, Legas kan cika maƙil, kuɗin komai ya ninka, kiɗa ya hana ka jin wanda ke kusa da kai. Mai iyali ya fi dacewa da farkon Disamba ko bayan an shiga Janairu, ranar aiki, da hantsi.

Inda ruwa ya yi lumui, nan ne haɗari

Ƙanena gwanin iyo ne a garinmu. Tun yana ɗan shekara goma yake tsallaka tafki ya dawo bai huta ba. Da ya ga igiya na dukan ko'ina, sai ya hango wani ɗan tsakani da ruwa ya kwanta, ba kumfa, launinsa ya fi na gefe duhu. Ya tuɓe riga ya nufi wurin. Wani mai doki da ke ɗaukar yara haya, Basakkwace, ya ƙwala mini kira: “Malam, hana shi! Wanga wuri rijiya ta!” Kafin in juya, ruwa ya kai wa yaron ƙirji. Ina kallo yana iyo da iyakar ƙarfinsa yana fuskantar mu, amma ƙara nisa yake yi, kansa na ƙanƙancewa kamar ƙwaryar da aka saki a gulbi. Babu mai ceto a wurin, babu tuta, babu igiyar da za a jefa masa, duk da an karɓi kuɗin shiga a ƙofa. Wani masunci ne da ke gyaran koma ya faɗa ruwa, bai nufo da shi gaɓa kai tsaye ba, sai ya ja shi gefe, suka bi tsawon gaɓar, sannan igiya da kanta ta turo su waje. Ƙanena ya kwanta kan yashi yana aman ruwan gishiri, ni kuwa gwiwoyina sun ƙi ɗaukata.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Duk ruwan da igiya ta jibgo gaɓa dole ya koma. Yakan taru ya nemi wata kafa tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi, ya fita ta nan da gudu, kamar yadda ruwan gona ke ɓalle kunya ta wuri guda. A wannan kafa igiya ba ta fashewa, shi ya sa wurin ke kama da mafi aminci. Gudunsa kan kai mita biyu a daƙiƙa guda, har ya ɗara, wanda ko zakaran iyo na duniya ba ya iya yi masa gaba da gaba. Gulbi yana tafiya da kai ne kusa da gaɓa, kana iya kama reshe ko ciyawa. Wannan kuwa tsakiyar teku yake nufa da kai. Sai dai ba shi da faɗi sosai, kuma ba ya jan mutum ƙasa. Gajiya da firgita ke kashewa. Wanda ya faɗa ciki ya daina kokawa, ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu, in yana da ƙarfi ya yi iyo ta gefe, dama ko hagu, har ya fita daga kafar.

Akwai kuma cikowa da janyewar teku, wanda mu masu lissafi da wata ba zai yi mana wuyar ganewa ba. Sau biyu a yini da dare ruwa ke hauhawa ya sauka, kuma kullum lokacin kan yi jinkirin kusan minti hamsin, daidai da jinkirin fitowar wata, domin watan ne ke jan ruwan. Lokacin tsayuwar sabon wata da daren sha huɗu, cikowar ta fi yawa. A Legas bambancin kamar mita guda ne, amma ya isa ya kwashe takalma da jakar wanda ya shimfiɗa tabarma dab da ruwa. Dubi inda shara da ɓawon kifi suka yi layi a kan yashi: nan ruwa ya kai a baya, ka zauna sama da shi.

Alhazanmu da suka ga Bahar Maliya a Jidda kada su auna da shi. Wancan siririn teku ne tsakanin ƙasa biyu, igiyarsa ba ta samun filin girma irin na Atlantika.

Legas: gaɓa guda, hali iri-iri

Najeriya na da gaɓar teku ta kimanin kilomita 850, amma mafi yawanta a yankin Neja Delta fadama ce da kurmin ruwa. Fatakwal da Kalaba ma, da mutane ke zaton suna bakin teku, a bakin koguna suke, sai ka ƙara tafiya a jirgin ruwa. Akwai doguwar gaɓar yashi a Ibeno, kusa da Eket a jihar Akwa Ibom, amma ga mutumin Zamfara, Legas ta fi sauƙi, saboda motar tasha na zuwa kullum, kuma da wuya ka rasa ɗan'uwa a Agege ko Idi-Araba ko Obalende. Tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa Hausawa suka yi zango a can.

Dattawan da suka yi zaman Ikko, wato Legas, za su ce maka ka je Bar Beach. Ka gaishe su da ladabi, amma wurin da suka sani ya tafi. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa sun gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe ta. Yashin gaɓar nan kuwa daga yamma yake tafiya zuwa gabas. Katangun suka tare shi, ɓangaren gabas ya daina samun sabon yashi, teku ya dinga cin Bar Beach shekara da shekaru har yana hawa titi. Daga wajen 2008 aka fara cike wurin da yashin da aka haƙo daga teku, aka yi masa katangar duwatsu ta kilomita takwas da ɗoriya, aka soma gina sabon birnin Eko Atlantic a kai. Haka kuma a ƙarshen Afrilun 2024 an rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawar Landmark don aikin titin gaɓa na Legas zuwa Kalaba. Ma'ana, labarin bara ba ya isa; ka tambayi wanda ya je cikin watan nan.

Wuraren da ke yankin Lekki, irin su Elegushi, su ne aka fi sani. Mota na kai ka har ƙofa, akwai rumfuna da dawaki da masu tsire, da yawansu yaranmu ne na Arewa. Amma suna fuskantar teku kai tsaye, gaɓarsu na da gangara, taku uku ka yi ruwa ya sha kanka. Wuraren kallo ne da shan iska da jiƙa ƙafa zuwa idon sawu. Da yamma kuma, musamman Asabar da Lahadi, kiɗa da shaye-shaye kan yi yawa, abin da mai tafe da mata da yara zai so ya sani tun daga gida.

Da na koma da iyalina a makon farko na Janairun 2019, Tarkwa Bay muka nufa. Katangun nan da suka cuci Bar Beach, su ne suka yi wa wannan wuri rana, domin a tsakaninsu yake, suna karya ƙarfin igiya kafin ta iso. Ba a zuwa da mota, sai jirgin ruwa daga Marina ko Falomo, tafiyar kamar minti ashirin. Uwargida ta riƙe gefen jirgi da hannu biyu tana ta salati, har muka wuce gindin wani jirgin dakon kaya da tsayinsa ya sa yaran suka yi tsit. Da muka sauka, autarmu mai shekara biyar ta tsaya inda ruwa ke lasar yashi. Igiya ta zo ta shafi ƙafarta ta koma, yashin da ke ƙarƙashin diddigenta ya zare, ta ƙwala ihu: “Baba, ƙasa tana gudu!” Can kuma sai dariya, ta ƙi fitowa har azahar. Ban saki hannunta ba ko sau ɗaya. A Janairun 2020 jami'an tsaro sun tashi mazauna tsibirin, don haka nan ma a bincika halin da ake ciki kafin a kama hanya. Kuma duk jirgin da bai ba ka rigar hana nutsewa ba, ko ya yi lodin da ya wuce kima, ko zai taso bayan magariba, ka bar shi ya tafi.

Badagry: inda yashi ke da tarihi

In kwana ɗaya kawai mutum ke da shi, ni Badagry zan ce ya je. Tana yamma da Legas, kusa da iyakar Seme, kuma cunkoson hanyar na iya cinye rabin yini, sai a yi sammako. Garin na bakin wani ruwa mai kwanciya, teku na bayansa. A nan akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake nuna wa baƙi a matsayin bene na farko a ƙasar nan. Akwai kurkukun bayi na Seriki Abass, mai ƙananan ɗakuna arba'in. Sarautar tasa ma kalmarmu ce ta sarki ta koma haka a bakin Yarbawa. Daga wannan gari ne Bature Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Sakkwato cikin Afrilun 1827.

Kwale-kwale zai tsallaka da kai tsibirin Gberefu, daga nan ka taka da ƙafa cikin yashi da rana kusan rabin sa'a, hanyar da bayi suka bi a ɗaure, har ka ɓullo inda ake kira wurin da ba a dawowa. Na tsaya nan na gaya wa babban ɗana cewa cikin waɗanda aka kwasa daga gaɓar nan ta Afirka ta Yamma akwai masu jin harshenmu, har a Bahia ta ƙasar Brazil an rubuta yunƙurin tawayen bayi Hausawa a 1807. Yaron ya dubi ruwan ya ce, “Baba, su ma ba su taɓa ganin teku ba sai ranar?” Na kasa ba shi amsa. Igiyar Gberefu na da ƙarfi, ba wurin wanka ba ne. Wurin tsayawa ne a yi addu'a.

Mai fasfo da katin rigakafin shawara na iya ƙarasawa Kwatano, inda unguwar Zongo za ta sa ya ji kamar yana gida, ya ga gaɓar Fidjrossè, ya wuce Ouidah, kimanin kilomita 40 yamma, inda aka gina ƙofar tunawa da bayi a 1995. Sai dai tekun can ɗan'uwan na Legas ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Jan ruwansa ba ya sanin baƙo.

Tambayoyin da ake yi a ƙofa

Yanzu in na isa kowace gaɓa, kafin in ciro kuɗi sai na tambayi mai ƙofa: akwai masu ceto, ina suke zaune? In ya nuna mini mutum a kan kujera mai tsayi yana kallon ruwa, ga tuta, ja ko akasinta, hankalina ya kwanta. In ya fara kame-kame, ruwa ya zama na kallo. Sai in tambayi kuɗin gaba ɗaya, domin a wurare da yawa na shiga daban, na ajiye mota daban, na rumfa daban, wasu har abincin da ka zo da shi daga gida sai ka biya masa. A yi ciniki a gama kafin a zauna, haka ma da mai doki da mai hoto. Sannan makewayi da wurin da mata za su sauya tufafi a asirce. Doguwar riga da hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi, igiya ta sami abin kamawa, don haka mata su tsaya inda ruwa bai wuce ƙauri ba.

Salla ba ta da wahala. Malamanmu sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, ko da yake kurkurar baki da shi sai an daure, tunda kowace lita na ɗauke da gishiri kusan giram 35. A gaɓar Legas teku na kudu, don haka in ka sa shi a hannun dama, ka ɗan karkata hagu, ka fuskanci alƙibla. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina ba kamar a sujadar da na yi a kan wannan yashi, ƙarar ruwa na cika kunnena.

Ita kanta hanyar daga gida, kusan kilomita dubu ce, ta Tsafe da 'Yankara da Funtuwa. Kowa ya san halin tsaron da muke ciki. A shiga motar tasha, a yi tafiyar rana, a bar direbobin da ke bin hanyar kullum su faɗi wadda ta fi lafiya a makon.

Da za mu taso, innata ta ba ni wata gorar roba ta ce in ɗebo mata tekun ta gani. Na kawo mata. Ta zuba kaɗan a tafin hannu ta lasa, ta yamutsa fuska: “Wanga ai gishiri na! Shi duka hakanan shike?” Na ce mata duka. Sai na nuna mata dutse, na ce ruwan da ke gangarowa daga kansa da damina yana faɗawa Gulbin Sakkwato, ya haɗu da Rima, ya shiga kogin Kwara, ya wuce Jebba da Lakwaja, ya ƙare a cikin wannan tekun. Ta yi shiru tana juya gorar, sannan ta ce, “Ashe ruwanmu ka maido muna.” Har yau gorar na nan a ɗakinta, bisa kanta, kusa da ta zamzam.